Ni da Na Ɗora Ƙofofin

Kafin aiki ya ɗauke ni zuwa Abuja, ni na haɗa kwamfutocin ƙungiyar manoman shinkafa da ke shagon ƙofar gidanmu a Haɗeja, na ƙara da ta matata Hauwa a cikin gida. Duka adireshinsu ɗaya a intanet, kamar gida mai zaure ɗaya, amma kowace da lambar ƙofarta. Daga Abuja nake shiga ina gyara su.

Hauwa ta ce in rubuta lambobin. Na ce, "Ni da na ɗora ƙofofin?"

Wata Laraba da hantsi aka yi ruwan farko, ƙamshin ƙasa ya tuna mini fadama, kewa ta taso mini. Na buga lamba da ka, na buɗe shafi, na rubuta da manyan baƙaƙe: "Hauwa'una, garin nan babu ke, babu kogi. Ina kewar dariyarki da miyar kifinki. Na rame."

Ina jiran amsa sai baƙaƙe suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya: "Allah ya sawwaƙe. Za a gaya mata. Mu ci gaba da sunayen masu karɓar taki?"

Ashe kwamfutar shago na shiga. Surukina ne, sakataren ƙungiya, ga manoma cike da shago suna kallon allon.

Bayan kwana uku direba ya kawo mini kwalin busasshen kifi daga Alhaji surukina, ko gaisuwa babu.

Har yau in na sauka a Haɗeja, mai keke yakan dube ni ya ce, "Injiniya, an ɗan murmure. Wace ƙofa za a kai ka?"