Ranar da Na Saki Hannun Inna Dije a Tsakiyar Kwalta

Ba zan taɓa mantawa da ranar kasuwar da na tara mutane don in koya musu tsallaka hanya ba. Har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

A lokacin ina koyarwa a wata lakwal ta firamare da ke bakin babbar hanya a gefen Magariya. Kwalta ta bi ta ƙofarmu sak, rabin yaranmu kuma daga wancan ɓangaren suke zuwa. Kullum da safe da lokacin tashi gabana faɗuwa yake yi, don babura da motocin haya ba sa rage gudu ko kaɗan. Abin da muke tsoro kuwa ya faru: wani mai babur ya buge Rabi, wata yarinya 'yar ajina, ta karye a ƙafa. Da na je duba ta a gida, uwarta ta ce mini in ta warke ba za ta koma lakwal ba, sai an gyara hanyar. Wasu iyayen ma suka fara faɗin haka.

Muka rubuta takarda zuwa ofishin magajin gari muna roƙon a yi mana tudun rage gudu a kan kwaltar. Aka ce wurare da yawa sun nema, ba duka za a iya yi wa ba, amma mataimakin magajin gari zai zo ya gani da idonsa. Darakta, shugaban lakwal ɗin, ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran malamai a nan, ya ce, "Mushe, kai ka fi kowa baki a kan maganar nan, kai za ka shirya tarbar." (Gaskiya ya faɗa. Ni mutum ne mai son a ce na iya, kuma ban taɓa jin an ba ni aiki na ce ya fi ƙarfina ba.)

Da kaina na zaɓi ranar kasuwa, don baƙon ya ga cunkoso ya tsorata. Na sayo farin fenti, ni da mai gadi muka ja layukan tsallaka hanya a kan kwalta irin waɗanda nake gani a Damagaram. Na je wurin shugaban sandikar 'yan kabu-kabu, wato ƙungiyar masu baburan haya, na roƙe shi ya gaya wa mutanensa su tsaya in na busa usur. Na je tasha na roƙi direbobi. Shirina shi ne baƙo ya fara ganin yadda ake gudu, sannan in nuna masa cewa in aka taimaka mana, mutanen garin nan masu bin doka ne. Duk wanda ke da taya na tuna da shi.

Da safiyar ranar ko kunu na kasa sha. Tunanina ɗaya: in abin nan ya lalace, tudun ya tafi wata unguwa, kuma ni zan koma in kalli uwar Rabi in gaya mata. Na sa rigata mai dogon hannu da takalmin da nake ajiyewa don zuwan sufeto, na rataya usur a wuya.

Baƙo ya iso, dattijo mai natsuwa, ba ya yawan magana. Aka jera yara a jikin katanga, iyaye suka tsaya a inuwa. Na yi jawabi, na ce mai tafiya a ƙasa shi ya fi cancanta a kiyaye, babba kuma shi ke kare ƙarami, mai ƙarfi ya kare mai rauni. (Ku riƙe wannan jimlar, don ni ban riƙe ta ba.) Aka tafa mini, kaina ya ɗan kumbura.

Sai na ga ya kamata in nuna a aikace. Akwai wata tsohuwa, Inna Dije, 'yar rugar da ke bayan gari, da ke sayar da nono a ƙofar lakwal tun kafin a kawo ni. Idonta ya fara rauni, tafiyarta a hankali. Na je na rusuna na ce, "Inna, zo in tsallakar da ke."

Ta ce, "Ni ba inda za ni, ɗan nan."

Na ce, "Don Allah, Inna, nuni ne kawai za mu yi wa baƙo."

Ta yi tsaki kaɗan, ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta miƙo mini hannu.

Na busa usur. Wallahi 'yan kabu-kabu suka cika alkawari, babura uku suka tsaya cak, wata motar haya ma ta tsaya. Muka taka layin farko, na biyu, na uku. Na waiwaya in ga ko baƙo yana kallo. Sai na ga babu mai kallona, kowa ya juya yana duban gabas, wasu mata sun fara janye 'ya'yansu.

Garken shanu ne ake korowa kasuwa daga wajen rijiyar da ke gabas da lakwal. Ban san adadinsu ba, a idona dai sun cika duniya. Wani mai babur ɗauke da jarkoki, wanda ba ɗan garin ba ne kuma bai san da wani shiri nawa ba, ya taho a guje ta bayansu yana danna oda, suka firgita suka hau kwalta da gudu. Makiyayin yana binsu da sanda yana kira, ko sauraronsa ba sa yi. Wani jan bijimi mai ƙaho kamar an buɗe hannuwa shi ne a gaba, kuma ni yake dubawa.

To, a nan dole in faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa a lakwal ba. Ni ɗan birni ne, tsoron saniya nake ji tun ina ƙarami, ko ɗaure take sai na kewaye ta. Na busa usur sau biyu, kamar bijimi ya halarci taron sandika. Daga nan ban san abin da ya faru ba. Da hankalina ya dawo, a kan katangar lakwal na tsinci kaina, na rungume ta da hannu da ƙafa, takalmi ɗaya, usur yana bakina, duk numfashin da na fitar sai ya yi ƙara.

Inna Dije kuwa tana nan inda na bar ta, a tsakiyar hanya, ƙwarya a ka, hannun da na saki yana miƙe. Na ce shi ke nan, na kashe tsohuwar mutane. Ita ko motsi ba ta yi ba. Ta ɗaga hannun nan ta yi wani irin kira da harshe, shanun suka rage gudu, suka rabu biyu suka wuce ta. Ko ɗigon nono bai zube ba.

Wuri ya yi tsit, sai ƙarar usur ɗina. Sannan wani daga cikin iyaye ya kasa daurewa, dariya ta ɓarke har da 'yan kabu-kabu. Darakta ya sunkuyar da kai. Na sauko, na tabbata na zubar da komai.

Baƙo ya taka da kansa ya kamo hannun Inna ya kawo ta gefe. Ya ce, "Sannu, Inna. Kin ji tsoro?"

Ta ce, "Tsoron me, Alhaji? Shanu ba sa gudu haka kawai, mai babur ɗin can ne ya kore su. Shi za ku yi wa magani, tun daga can wajen rijiya."

Ya daɗe yana duban hanyar, sannan ya dubi katangar, ya dube ni. Ya ce wa darakta, "In babba mai dogayen ƙafafu sai da ya hau katanga, yaro ɗan aji ɗaya ina zai hau?"

Bayan 'yan makonni aka yi mana tudu biyu, ɗaya a ƙofar lakwal, ɗaya a wajen rijiya inda Inna ta nuna. Rabi ta dawo aji tana ɗan ɗingishi. Na je har ruga da goro na ba Inna haƙuri, ta ce ba komai, ai ta ga ba ni na yanke shawarar ba, ƙafafuna ne.

Abin da na koya shi ne, kafin ka ja layi a kan hanya, ka zauna a bakinta wuni guda ka ga su wa ke bi, har da masu ƙafa huɗu. Kuma kada ka roƙi hannun mutum sai ka tabbata za ka kai shi gefe. Har na bar lakwal ɗin, duk ranar kasuwa in na fito zan tsallaka, sai Inna Dije ta ajiye ludayinta ta miƙe, a gaban yara da iyayensu, ta ce, "Mushe, kawo hannunka, akwai shanu yau."