Rasuwar Tantin Saje Na'Allah a Bakin Gulbi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu take tafasa, ni Saje Na'Allah na Tambuwal, tsohon soja, ina sanar da dangi da maƙwabta rasuwar tantina. Ya rasu ranar Talata da azahar a bakin gulbi, ƙasar Kebbe, ba tare da ya yi ko kwana guda na jinya ba. Kashe shi anka yi.

Marigayin ɗan Bama ne. Can ƙetaren teku munka haɗu lokacin yaƙin duniya, ruwa na zuba kamar ba za a daina ba, shi kuwa bai taɓa bari ɗigo ya sauka a kaina ba. Ba ya da surutu. In iska ta taso sai ya ce faf-faf-faf, in ta lafa ya yi shiru. Da anka sallame mu, wasu sunka zo da keke, ni na zo da shi.

Bana, da damina ta ja baya, na ɗora shi bisa jaki domin in cika wa yara alkawarin kai su ganin gulbi. Lauwali da Zahara'u ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na rijiya faɗi ba, Atu kuwa yanzu take koyon tafiya. Mutanen unguwa sunka yi ta dariya, wai mai gida da ɗaki zai kwashe iyali ya kwana daji. Munka tafi abinmu, ni da uwarsu Bara'atu. Kuskuren kawai, ƙanenta Maccido ya biyo mu, ƙato da gemu, wai zai taya mu kora jaki.

Kwanakin farko sun yi daɗi. Mun zaga kasuwar Kebbe, Zahara'u ta tsoma yatsa a marina ta yini tana nuna wa kowa. Masunta sun ɗauki Lauwali a kwalekwale, sun nuna mai sawun dorina cikin laka. Duk inda munka je munka dawo, marigayin na tsaye yana jiranmu da inuwa.

Ranar Talata Maccido ya saci hulata ta soja da takalmana ya nufi rugar Ardo Jumare. Ya ce masu Baturen jangali ne ya sauka a tantin can, shi ne masinjansa, a ba da kaji da nono, gobe da safe za a ƙidaya shanu. Sun ba shi. Yana juya baya sunka kora garke domin su haye gulbi kafin gari ya waye. Hanyar mashigi kuwa guda ce, ta kan tantina ta bi.

Atu na barci a ciki.

Ina bakin ruwa da manyan biyu na ji ƙasa na rawa, sannan na ji kururuwar Bara'atu. Ban taɓa gudu irin wannan ba, ko a Bama. Ina isa na tarar shanu sun wuce, igiyoyi sun tsinke, sandar tsakiya ta karye. Maganar marigayin ta ƙarshe ita ce ƙyarrr, lokacin da ƙaho ya farke shi daga sama har ƙasa. Amma da zai faɗi, sai ya faɗi bisa akwatin ƙarfen kayanmu, ya rufe yarinyar a lungun da ya rage. Na ɗaga tantin. Atu ta dube ni ta fasa kuka, ƙurjewa ɗaya ce a gwiwarta.

Ardo Jumare ya zo da kansa ya ba da haƙuri, shi ma maraƙi biyu ruwa ya tafi mai da su. Ba ni da magana da shi. Maccido kuwa bisa giginya munka same shi, da kaza a hammata.

"Yaya, wallahi wasa nika yi," in ji shi.

"Sauko," in ji Bara'atu, tana riƙe da guntun sandar tanti. "Sauko in nuna maka wasa."

Marigayin ya bar turaku, da guduma, da jakar da yake kwana ciki, da yara uku masu tambayar yaushe zai warke.

Gawa na can gidan Ardo. Ranar Alhamis za a ɗauko ta, kuma ba jaki ne zai ɗauko ba. Maccido zai aza ta bisa kai daga Kebbe har Tambuwal, a ƙasa, ba takalmi, ni ina biye da shi. Za a rufe marigayin bayan la'asar a gindin tsamiyar gidana. Mata su yi wa Bara'atu gaisuwa a ciki, maza a zaure. Duk wanda ya zo roƙa wa Maccido gafara, ya taho da fartanya, su haƙa ramin tare.