Gashin Zakaran Gwaggo Dije

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina, da yammacin wata Lahadi a Dogon Dutsi, zamanin Faransa na mulki, ni kuma ina saurayi ina ganin duk Arewa babu wayayye kamata. Komi ne ni a biron kumandan, wato mai buga takardu da keken rubutu a ofishin Baturen mulki. Ina da farin wando biyu, da takalmi sau-ciki, da Faransancin da nake zubawa ko ba a tambaye ni ba. A gidan ƙanwar mahaifina nake zaune, Gwaggo Dije, wadda ta tashi a Lugu kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa cewa ita 'yar bori ce ba. Ni nake ɓoyewa a madadinta.

A shekarun nan aka kawo mana wani likita ɗan Dahome, shi da matarsa. Shi ya zo da wasan da jikokina yanzu ke ce wa badminton. Mu bolan muke ce masa, da sunan ɗan abin nan mai gashin tsuntsu da ake bugawa. Kowace Lahadi bayan la'asar sai ya kafa sanduna biyu a tsakar gidansa ya ɗaura raga, 'yan ma'aikatan gari su taru. Ni dai tsakani da Allah ba wasan ya kai ni ba. Salamatu ce ta kai ni, ungozomar asibiti, 'yar Damagaram da aka turo aiki garinmu.

In za ta yi wasa sai ta cire takalmi ta ajiye gefe, ta mayar da ɗaurin kallabinta baya. In ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannu. A sauran ranaku daga nesa nake hango ta ta tagar biro, tana wucewa da 'yar jakarta, ban da ikon ko gaishe ta. Ranar Lahadi kuwa sai in samu awa biyu cur ina tsaye kusa da ita ba mai cewa don me. Kwana shida nake yi ina jiran yammaci guda, kuma a wata biyar ɗin da muka yi muna wasan ban taɓa ce mata komai ba ban da "sannu" da "naki ne".

Likita mutum ne mai ƙa'ida a kan kayansa. Raket iri biyu gare shi. Akwai masu kaurin katako da nauyi, na 'yan koyo, waɗanda ya ce ko ƙasa suka daka ba za su karye ba. Akwai kuma sirara guda biyu marasa nauyi, masu zare kamar na gurmi, waɗanda ba ya ba kowa sai wanda hannunsa ya faɗa, wato shi da Salamatu. (Ni da mai nauyin muka zama 'yan uwa, har kanta ta fito mini.) Shi ma bolan ɗin iri biyu ne. Mai sauƙi na cikin zaure ne, inda ba iska. Na tsakar gida kuwa sai mai ɗan nauyi, don iskar da ke saukowa daga dutse da yamma in ta samu mai sauƙi sai dai a je neman sa gidan maƙwabta.

To, kayan da ba a yi a garinku ƙarewa suke. Wata Lahadi bolan na ƙarshe ya mutu, kuma a hannuna ya mutu. Na ɗaga raket da ƙarfi don Salamatu ta ga jarumta, na same shi da katakon maimakon zaren, gashin ya watse. Likita ya tsince shi ya juya, ya ce ya aika a kawo wasu daga Faransa, amma kafin jirgin ruwa da mota su iso da su Dutsi sai an yi wata uku. Salamatu ta sa takalminta ta ce, "To, sai Allah ya kawo su."

Wata uku ba Lahadi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Mushe Likita," wato Malam Likita da Faransanci, "ni zan kawo bolan Lahadi mai zuwa." Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce in sani fa gashi goma sha shida ne, farare don a gan su da yamma, kuma duk daga fiffike ɗaya, in ba haka ba ba zai juya daidai a sama ba. Na ce ai wannan ƙaramin abu ne.

Gindin bolan ɗin bai ba ni wahala ba. Kukun kumandan ya ba ni toshiyar kwalba, baduku ya yarda zai lulluɓe ta da farar fata, ni kuma na soka 'yar ƙusa a ciki saboda iskar dutse. Gashin ne ya gagara. Na zabo zane-zane ne, ba a ganin sa in rana ta yi sanyi. Na tantabara gajere ne. Na agwagwa na samo, amma duk wankin da na yi masa launinsa na kwata bai fita ba. Kwana huɗu ina yawo gari ina leƙen kajin mutane, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko biki zan yi.

Alhali farin tsuntsun da ya fi kowanne fari a Dutsi yana tsakar gidanmu. Zakaran Gwaggo ne, ko in ce zakaran Doguwa Fara, iskar gidansu da ta gada tun daga Lugu. Ba a yanka shi, ba a sayar da shi, ko da tsintsiya ba a korar sa. Yana cin gero kafin ni a dama mini fura. Na san duk wannan sarai. Amma na ce wa kaina ni mutum ne mai ilimi, kaza kaza ce, gashi kuma tsirowa yake.

Ranar kasuwa da tsakar rana, Gwaggo ba ta nan, na dawo daga biro na ritsa shi bayan rumbu. Na matse shi tsakanin gwiwoyina na ƙirga goma sha shida daga fiffiken hagu kaɗai, yadda likita ya ce. Da na sake shi sai ya kama tafiya a karkace yana zagaye wuri guda. Gwaggo ta dawo ta gan shi, ta sauke ƙwaryarta a hankali, ta ɗaga fiffiken ta daɗe tana dubawa. Na ce mata wataƙila shaho ne. Ta ce, "Shaho mai hige gehe guda, shi bar gehe guda?" Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki. Na manta cewa matar baduku ƙawarta ce, tare suke zuwa rijiya.

Lahadi ta zo, na sa farin wando na tafi da bolan ɗina a aljihu. Kuma wallahi ya yi kyau. Likita ya auna shi a tafin hannu, ya cilla sama, ya sauko yana juyawa tsaf. Matarsa ta tafa. Salamatu ta karɓa ta shafa gashin da yatsa, ta ce, "Kai ka yi wannan da hannunka?" Na ce e. Sai ta ɗauki siririn raket ɗin nan na biyu, wanda ban taɓa riƙewa ba, ta miƙo mini, ta ce yau ni da ita za mu tsaya gefe ɗaya. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rabin awa ba, kafin ta ko bayan ta.

Muna cikin haka aka yi sallama a ƙofa. Gwaggo Dije ce, da baƙin zanenta na gida, ba takalmi, zakaran a hammatarta da fiffikensa tsirara a waje. Ta shigo har bakin raga. Bolan ɗin ya faɗo a gabanta, kowa ya tsaya.

Ta gaida likita da matarsa yadda ya kamata, sannan ta juyo gare ni. Ta ce, "Ɗana, ban zaka hwaɗa ba. Wanga gashi na Doguwa na, kai ma ka shina. Ni ka zuwa in ba ta haƙuri. Abu guda nika son ji. Namiji ba shi hige zakaran iska don banza. Don wa kay yi?"

Ta bi mutanen wurin da kallo ɗaya bayan ɗaya, idonta ya tsaya a kan Salamatu. Muryarta ta yi laushi. Ta ce, "Don wagga ta? In don ita ta, hwaɗi. Doguwa ma mace ta, tana jin irin wagga magana."

Kun ga ƙofa a buɗe, ko? Har yau ina ganin ta. Salamatu ba ta rufe baki ba, ba ta yi dariya ba. Ta ɗago kai tana kallona, tana jira. Kalma ɗaya ake nema a wurina, da Hausar da na sha a nono.

Sai na juya wa Gwaggo baya, na fuskanci likita, na yi magana da Faransanci don kada ta ji. Na ce a yi mata uzuri, tsohuwar ƙauye ce mai camfi, ba ta san abin da take faɗa ba, ni saboda wasa kawai na yi, ba saboda kowa ba. Gwaggo ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Salamatu kuwa Faransancinta ya fi nawa.

Ta jingine raket ɗinta a jikin sanda. Ta sunkuya ta ɗauki bolan ɗin, ta durƙusa har ƙasa ta miƙa wa Gwaggo da hannu biyu, ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna." Gwaggo ta karɓa ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Sannan ta ɗora mini zakaran a ƙirji. Haka na ratsa gari da farin wando, ina rungume da figaggen zakara, Gwaggo na gaba tana amsa gaisuwar mutane.

Akwatin likita ya iso bayan wata uku kamar yadda ya ce, amma kafin nan an mayar da Salamatu Damagaram. A 'yan makonnin da suka rage mata, in mun haɗu a hanya takan gaishe ni da ladabi, da Faransanci, ta ce mini Mushe. Zakaran ya mayar da gashinsa kafin kaka. Gwaggo ba ta sake tayar da maganar ba sai sau ɗaya, tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Doguwa ta yahe maka tun rannan. Yarinyar ce ban sani ba."

Bayan rasuwarta na tarar da bolan ɗin a cikin ƙwaryar da take ajiye kayan iskokinta, a naɗe cikin farin ƙyalle. Yana wurina har yanzu, gashin ya koma ruwan ƙasa. Jikokina na da na roba da suke bugawa a titi, wani lokaci sukan tambaye ni wane raket ya fi, wane bolan ya dace da iska. Nakan gaya musu abin da likita ya koya mini, don ban manta ko ɗaya ba. Abin da na koya wa kaina ne ban cika faɗa ba: in har ka yi ƙarfin halin fige zakaran Doguwa saboda mace, to ranar da aka tambaye ka don wa ka yi, ka amsa, kuma ka amsa da Hausa.