Tayoyin Mujitaba da Dutsen Inna Hindu

"Lafiya lau, amarya. Ya ƙafar? Ko yau ma ta ce ba za ta tashi ba?"

"Ƙafa da sauƙi, mai gida. Kai kuma ya rowar?"

"Rowa tana nan, ta ce in gaishe ki."

"Ina amsawa. Ka ce mata ta riƙa barinka kana cin abinci, duk wuyanka ya fito."

Mujitaba ya yi dariya yana durƙushe a bakin tabarmar kakarsa, Inna Hindu, wadda ba ta kiran sunansa sai ranar da za ta yi masa faɗan gaske. Hantsi ne na ƙarshen bazara a Ƙafin Maiyaki. Tsohuwar ta riga ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa biki, ta rambaɗa kwalli. Kwallin nan ne ya sosa masa zuciya, don idon da aka yi wa adon kullum ƙara dushewa yake, kuma likita a Kano ya faɗa musu ba kwana-kwana cewa ba irin dushewar da take komawa baya ba ce.

Abin da take so bai da yawa. Tana sabuwar amarya ruwan dam ɗin Tiga ya cinye ƙauyensu, aka kwashe su aka watsa a garuruwa. A bayan gidan da aka haife ta akwai wani faffaɗan dutse da mata suke shanya a kai, kuma in bazara ta tsananta ruwa ya ja baya, sai bayan dutsen ya leƙo. Masunta sun aiko cewa bana ya fito, shi kuwa take so ta gani. Da damina ta sauka zai sake nutsewa, badi kuwa ba wanda ya san abin da zai rage a idon Inna.

"Taso ki ga abin da zai kai ki," in ji Mujitaba, ya kama hannunta har ƙofar gida inda ya ajiye 'yar motarsa. "Sabbin tayoyi gal. Shafa ki ji."

Ta sunkuya ta shafa. "Kai, wannan mai gashi-gashi? Ko aski ba a yi mata ba ka ɗauko ta?"

"Alamar ba ta taɓa taka ƙasa ba ke nan."

"Na san ka sarai. Ka shiga shagon mutane ka ce a nuna maka wadda ta fi kowacce arha."

"Mai hankali na ce a nuna min. Mai shagon ya ce ba ta wahalar da inji, da kanta take mirginawa. Mota sai dai ta lasa mai, ba ta sha."

"Ashe ta yi gadon ubangidanta. Kai ma ai shayinka lasar sukari yake yi." Ta ƙwanƙwasa tayar da bayan yatsa. "Me ya sa ta yi tauri haka?"

"Na sa mai faci ya ɗura musu iska har wuya. In taya ta yi tauri, mai ya fi auki."

"Allah ya shirye ka. Iskar ma da sayar da ita ake da mudu, da a kan ƙarfe za ka kai ni."

Gaskiyar magana, Mujitaba ya daɗe bai so wani abu kamar tayoyin nan ba. Ya sha wahalar tsofaffin: yau faci, gobe faci, har masu facin hanya sun san sunan 'ya'yansa. Tun da ya sa sabbin, kullum da safe sai ya zagaya motar yana cire musu tsakuwa da tsinke, in ya hau titi kuma ido ɗaya a hanya, ɗaya a kan allurar mai.

Suka ɗauki hanyar Tudun Wada. Motar tana sulalawa a kan kwalta shiru, ba kuka ba jijjiga. Ba su yi nisa ba Inna ta fara mita.

"Wai tafiya muke ko tsaye muke?"

"Gudu ma muke."

"To ka ɓata min tasbihi. Waccan tsohuwar tayar taka mai kumburi, duk 'dum' ɗin da ta yi sai in ja ƙwayar carbi. Kafin mu isa ko'ina na tara lada. Wannan kuwa munafuka ce, ba a jin motsinta."

"Sai ki nemi ladan da bakinki, kamar sauran tsofaffi."

"Tsohuwa tana gidanku."

"Ai daga gidanmu na ɗauko ta."

Da suka zo gangara sai ya cire giya ya sa motar a firi, kamar yadda ya saba. Injin ya yi laushi, ya zama ba abin da ake ji sai iska tana shafar gilashi. Gonakin da aka share ana jiran ruwa suna wucewa a hankali, can nesa zafi yana rawa a kan titi. Inna ta jingina kanta, carbin ya kwanta a cinyarta. Bai san ko barci take ko ido biyu ba sa'ad da ta fara magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Yanzu za mu wuce marina. Ka ji warin baba? In ka bi ta hagu sai rijiyar da ruwanta yake da garɗi. Ga su Hasiya can da tuluna, ba za su gaishe mu ba, mun yi faɗa a kan ɗinya." Ta yi murmushi, idonta a lumshe. "Rage gudu, mai gida, awakin Malam Wada suna tsallakawa."

Titin fayau yake, ko kaza babu. Amma Mujitaba ya taka birki a hankali, ya bar gangarar da yake tattali ta tafi a banza, ya jira har ya ga kamar awakin sun gama wucewa. Tausayinta ya cika shi.

"Sun wuce?" ta tambaya.

"Saura wata gurguwa, mai kama da ke."

Ta buɗe ido ta kai masa duka da carbi. "Ja'iri! Ina tsakiyar garinmu ka fito da ni."

"Ke da kika ce tayar munafuka ce? Ga shi ta kai ki gida kin dawo, ko kuɗin mota ba ki biya ba."

"Ban yabe ta ba tukuna. Kwalekwale na ɗauka na shiga, shi ya sa."

Suka sauka daga kwalta suka bi burji, daga burji suka shiga hanyar shanu da masunta suka kwatanta masa. A ƙarshenta ƙasa ta buɗe: fili ne fari fat na yashi, wanda a da ruwa ne a kai, can ƙarshensa kuma dam ɗin yana ƙyalli. Mujitaba ya yi bisimilla ya danna hancin motar. Ba ta yi wata tafiya ba ta tsaya. Ya taka totur, tayoyin suka yi ta juyi a wuri ɗaya suna watsa yashi, motar tana ƙara zama.

"Mun iso?" in ji Inna.

"Mun ɗan tsaya."

"Au, ita mai mirginawa da kanta ɗin? Yau kuma ta gaji?"

"Tayar kwalta ce, ba a yi ta don yashi ba."

"Haka ake faɗa wa duk wanda ya auro 'yar birni."

Ya fita ya duba. Duk direban da ya taɓa ɗauko kifi daga bakin dam ya san maganin wannan, shi ma ya sani: a sace wa taya iska har ta baje, sai ta hau yashi maimakon ta haƙa shi. Sai dai a komawa akwai burjin nan mai duwatsu masu kaifi, ba mai faci ko ɗaya sai an kai kwalta, kuma taya mara iska a irin wannan hanya gefenta ne yake tsagewa. Tsagar gefe kuwa ba ta facuwa. Ya tsaya yana kallon tayoyinsa, gashinsu ma bai gama zubewa ba.

Ya leƙa ta taga. "Amarya, ko in goya ki?"

"Ka goya wa? Ni buhun masara ce? Da wannan bayan naka, mu faɗi tare a rasa mai ɗaga wani."

"To mu koma, jibi in samo a-kori-kura."

Ta juya fuskarta gabas ta shaƙi iska, shi ma ya juya. Hadari ne ya fara haɗuwa, baƙi, a can ƙasan sama.

"Mu koma ɗin, Mujitaba," ta ce a hankali. "Dutse ne kawai. Kada ka lalata abinka."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Sunansa ta kira, kuma ba faɗa take yi masa ba. Ya tsinci wani ɗan tsinke, ya durƙusa a gaban tayar gaba, ya danna bakin bawul. Iska ta fara fita da dogon tsaki.

"Me nake ji haka?"

"Sadaka nake yi."

"Kai? Yau ko za a yi ruwa da ƙanƙara! Wa kake ba?"

"Sararin Allah. Iskata ce mai tsada, a shaƙa a yi min addu'a."

"Bari in buɗe baki in samu rabona, don na san ba za a kuma ba."

Ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya har suka yi tumbi suka zauna a kan yashin. Ya tone gabansu da hannu, ya shiga, ya ja a hankali. Motar ta yi nishi, ta ɗago, sai ga ta tana tafiya luƙui-luƙui a kan farin filin, tana ɗan karkata hagu da dama. Inna ta fitar da hannu ta taga, iskar ruwa tana bi ta tsakanin yatsunta.

Ya tsaya inda yashi ya fara danshi, ya fito da ita, ya riƙe ta har bakin ruwa. Dutsen yana can ciki, nisan jifa, baƙi, bayansa a shimfiɗe.

"Ga shi can, saitin hannuna."

Ta ƙura ido. Ta sa tafin hannu ta kare rana, ta goge idon da gefen mayafi har kwallin ya ɓaci, ta sake ƙurawa.

"Ruwa nake gani," ta ce. "Ruwa da hazo."

Zuciyarsa ta karye. Ya fara tunanin ko ya yi mata ƙarya cewa masuntan ne suka yi kuskure, dutsen bai fito ba. Yana cikin haka wani masunci ya buga filafili daga can gefe, garken balbelu ya tashi daga cikin ciyawa, suka yi shawagi a kan ruwan, suka sauka a jere a bayan dutsen tun daga wannan baki har wancan.

Inna ta damƙe hannunsa. "Wancan farin fa? Dogon nan?"

"Balbelu ne. A kansa suka sauka."

"Shi ne! Tsawonsa ke nan, wallahi. Haka yake yin fari in Innarmu ta shanya gari." Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. "Daga dama akwai wani ɗan kwarmi, ko?"

Ya duba da kyau. "Akwai."

"Nan nake zama in kore kaji. A gabansa akwai tsaga."

"Ga ta nan kuwa."

"A nan na ɓoye awarwaron Hasiya, har yau ba ta sani ba."

"Ashe da ɓarauniya nake zaune shekara da shekaru."

Ta yi dariya cikin hawaye. Suka daɗe a tsaye, ita tana faɗa, shi yana dubawa yana cewa akwai, har iskar hadari ta fara kaɗa mayafinta, tsuntsayen suka tashi ɗaya bayan ɗaya, farin ya watse.

"To, mai gida," ta ce, "na janye. Tayarka 'yar halak ce, kai ma rowarka da sauƙi. Ungo tukuici: na ba ka dutsen nan, halak malak."

"Kai, jama'a! Ni na ba da iskar tayata, ke ki ba ni abin da ba ya ɗaukuwa? A cikin ruwa? Ashe a wurinki na gaji rowar."

"Ka karɓa ko ka bari. Sharaɗinsa ɗaya ne: badi war haka ka zo ka duba min shi, ka koma ka ba ni labari."

Ya juya ta a hankali suka nufi mota.

"Ban yarda da sharaɗin ba," ya ce. "Ni in na zo ni kaɗai, baƙin dutse kawai zan gani. Tare za mu zo, ki zauna a gaba, ki riƙa faɗa min abin da nake kallo."