Fayafayan da na sauke daga bangon amarya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar jeren jikata Hadiza. Shekarar da wayar hannu ta shigo Legas ke nan, sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, kowa yana jin kansa. Ni kam ban jira sauyin gwamnati ba, da ma ina jin kaina. A unguwarmu a Agege ba a jeren amarya sai an aiko mini. Ni ke cewa wannan kwano ya hau, wancan ya sauka. (Ban yi boko ba, amma in na tsaya tsakiyar ɗaki na riƙe ƙugu, har masu digiri matsawa suke yi.)

To, akwai abu guda da nake ɓoyewa: ina saƙar faifai. Tun ina yarinya na koya wurin innata a ƙauye, hannu kuma ya ƙi mantawa. Direbobin motocin tumatir ke riƙo mini kaba in za su sauke kaya a kasuwar Mile 12, in rina ta da galura, in rufe ƙofa in yi ta saƙa. Dalilin rufe ƙofar kuwa, na shekara da shekaru ina gaya wa matan unguwa ni 'yar birni ce, gidanmu ba a taɓa kaba. Ni da bakina na laƙa wa wata baiwar Allah suna Ta-Ƙauye, don kawai ta kawo tuwo gidan suna a rufe da faifai, sunan kuma ya bi ta. Maƙwabciyata Maman Talatu, 'yar kudancin Kaduna, ita kaɗai ta san sirrina. Ita ke zuba fayafayan a baƙar leda ta fita da su, ta dawo ta damƙa mini abin da ya samu. Ban taɓa tambayarta wa ke saya ba. Ina ruwana, tunda ba a ganin fuskata.

Mijin Hadiza ɗan manya ne. Kakanninsa tun zamanin Turawa suke Legas, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa. Uwarsa, Hajiya Sa'a, irin matan nan ce masu magana ƙasa-ƙasa don sun san dole a saurara. Tun da aka sa rana abu ɗaya ke cin raina: kada mutanen nan su raina mana yarinya. A hannuna Hadiza ta tashi, kuma na sani, in aka raina gidan da amarya ta fito ranar farko, da wannan rainin za ta tsufa a gidan miji. Don haka na tara kaya na kece raini: samira jeri-jeri, kuloli masu ruwan zinare, furannin roba, da wani agogon bango mai tsuntsu a ciki. Muka cika motar haya ta danfo, ni da ƙawata Asabe da sauran 'yan jere da masu girki, muka nufi Ikeja.

Maigadi ya buɗe mana. Na sa ƙafa a falo da bisimilla, sai na tsaya cak.

Turmi ne a tsakiyar falo. Tsohon turmi, har da tsaga, an ɗora masa gilashi a ka. A kusurwa ga wata baƙar tukunyar ƙasa, ba ruwa ba komai, sai busassun karare a tsaye a ciki. Ga timtim na fata a ƙasa, ga ƙorai masu zane a kan kanta. Sai na ɗaga kai. Bango guda, tun daga sama har ƙasa, fayafayai ne manya da ƙanana, an kafe su, har an haska musu 'yan fitilu.

Nawa ne. Ko a duhu na san saƙata. Akwai wani jan zagaye da nake yi a cibiya, in bi bakin da baƙi, babu mai yin sa sai ni da innata, ita kuwa ta daɗe a kabari.

Nan take zuciya ta ba ni labari, irin labarin da take ba mara gaskiya. Wato sun bincika. Sun gano kakar amarya masaƙiyar faifai ce, suka bi suka saye, suka kafe a bango don duk wanda ya shigo ya ga asalinmu. Turmi da tukunya kuma ƙarin bayani ne, ko da wani bai gane ba.

"Ke Yaya," in ji Asabe, "wannan ɗakin amarya ne ko rumbu?"

Na ce, "Tarkacen tsohon ɗan haya ne, bai gama kwashewa ba. A fitar."

"Anya? Kin ga fa har fitila aka sa musu."

"Asabe, ni za ki koya wa jere?"

Ni da gwiwata ke hana ni hawa okada, ni na taka kujera na sauke fayafayan ɗaya bayan ɗaya, da sauri, kada wata ta ƙura musu ido. Aka yi bayan gida da su, inda masu girki suka kafa murhu. Su kuwa kamar jira suke yi. Turmi ya sha dakan attarugu. Fayafayai suka hau bakin tukwane, wasu aka shiga fifita wuta da su. Baƙar tukunya na yi wa maigadi kyautarta, ya zubar da kararen, ya cika ta da ruwan alwala, yana ta sa mini albarka. Muka jera samira har kusa da rufi, muka soka furannin roba ko'ina, agogo ya hau tsakiyar bango. Na ja da baya na duba. Wallahi a raina na ce yau na fitar da yarinya kunya.

Bayan la'asar sai ga motoci. Hajiya Sa'a ce da ƙawayenta, leshi na ɗaukar ido, kowace da waya a hannu kamar tasbaha. Tun daga ƙofa nake jin muryarta: "Ku zo ku ga kyautar da na yi wa 'yata. Ba ku taɓa ganin irinta ba."

Ta shigo. Ta dubi bango. Daidai lokacin tsuntsun agogona ya leƙo ya yi kukansa, ya koma.

"Iya, sannu da aiki," ta ce a hankali. "Ina kayan da ke nan?"

"Tarkacen? Mun share miki, Hajiya. Ba sai kin gode ba."

Ashe tun da aka sa rana take tara su, daga wani shago a Ikoyi inda matan jakadu ke sayayya, har ta ɗauko wata mai tsara ɗaki ta kafa mata. Kayan hannu ne, in ji ta, kowane guda babu na biyunsa, abin da ake yayi ke nan yanzu a gidajen da suka san ado. Na duba fuskarta ina neman habaici, ban samu ko ɗis ba. Idonta ma ƙwalla ya kawo.

Muka ɗunguma bayan gida. Ta ɗaga wani faifai daga bakin tukunyar miya, manja na ɗiga, ta juya wurin ƙawayenta.

"Kun ga wannan? Mai shagon ta ce wata tsohuwa ce ke saƙa su, can wani ƙauye bakin hamada. Ko mota ba ta taɓa gani ba. Baiwar Allah, ba ta ma san kyan abin da take yi ba."

Jama'a, nan ne ya kamata in kama bakina. Babu wanda ya sani. Da na ba da haƙuri, da an ce tsohuwa ce ta yi kuskure, shi ke nan. Amma wai ko mota ba ta taɓa gani ba? Ni?

"Wace ce ba ta taɓa ganin mota ba?" Sai na ji muryata ta cika gidan. "Ni da na zo nan a danfo? Ni na saƙa su, a Agege, bayan layin dogo! Duba cibiyar ki gani! Kuma na san kyansu sarai!"

Kowa ya juyo ya zuba mini ido.

Asabe ce ta fara. "Yaya, ke da gidanku ba a taɓa kaba?"

Cikin masu girkin kuwa har da Ta-Ƙauye, faifaina a hannunta tana fifita wuta. Ta ajiye shi, ta zauna dirshan a ƙasa tana dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi sai ta ce, "Sannu, 'yar birni."

Da Hajiya Sa'a ta zage ni, da na ji sauƙi, don na iya ramuwa. Rungume ni ta yi. Ƙawayenta suka kewaye ni suna taɓa yatsuna kamar sun ga abin kallo. Ɗaya ta ce, "To Mama, ke kika saƙa, me ya sa kuma kika sauke?" Na sake taka kujerar nan a gaban kowa, na mayar da su ɗaya bayan ɗaya, Ta-Ƙauye na miƙo mini. Samira ta koma kwali. (Agogon yana ɗakina har yau, duk kukan da ya yi sai in ji kamar da ni yake.)

Hadiza dai ba a raina ta ba. Surukarta ma da ita take tutiya, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa bango an ce aikin kakar amarya ne. Mai tabon manjan ma an kafe shi haka nan, kuma wai shi baƙi suka fi yabawa. Da na ba yarinyar haƙuri, dariya ta yi. "Kaka, to wa kike zaton ke share guntayen kaba a ƙarƙashin gadonki tun ina firamare?"

Na tare Maman Talatu na ce me ya sa ba ta gaya mini inda kayana ke zuwa ba. Ta ce, "Kin taɓa tambaya?" Zancen hamada kuwa mai shago ce ta ƙirƙira, wai in aka ce faifan Agege ne babu mai waiwaya. Masu kuɗi suna son talaka, amma sai wanda ke nesa.

Yanzu a buɗe nake barin ƙofa in ina saƙa, tunda har yaran unguwa Iya Mai Faifai suke kirana, kuma na san wadda ta raɗa mini sunan, Ta-Ƙauye ce ta rama. In kuwa na shiga gidan manya na ga tsintsiya a jingine, ba na taɓa ta sai na tambaya: ta shara ce, ko ta kallo?