Ɓarawon Man Kaɗanyata

Shekarar da kwanon gero ya gagari kowa, Inna ta samo mini man kaɗanya a ɗan gwangwani, saboda ƙaiƙayin wuya da hannu da ke hana ni barci. Ta ce in lallaɓa shi, babu wani.

Sai ga mai yana raguwa kullum, da sawun yatsu a ciki. Ni ba mai magana ba ce, amma ina da ido. Na lura fason ƙafar Yaya Hinde ya warke. Na lura miyar Kaka ta soma maiƙo. Har akuya na harara.

Na roƙo shuni wurin maƙwabciyarmu, na barbaɗa a kan man, na kwanta.

Da safe na fito tsakar gida, na ɗaga murya karo na farko a rayuwata: "Kowa ya nuna hannunsa!"

Yaya Hinde ta saki tsintsiya, ta durƙushe da dariya. Wuyana, hannuwana, har kumatuna sun yi shuɗi. Ashe ni ce nake lakutar man cikin magagin barci.

Kaka ta ce, "To 'yar nan, mun kama shi. A kai shi gaban mai gari?"

Har yau, ko cokali ya ɓace, sai an ce in ɗaga wuya a duba.