Awa Takwas a Kan Fiyanon da Ba Ya Magana

Ko da zan manta ranar da aka ɗauke ni aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa da yammacin kamun ƙanwata Kulu ba. Har yau in na tuna sai in tashi in zagaya ɗaki ba gaira ba dalili.

Ni dai mutum ne mai rawar kai, ban iya fara abu a hankali ba. Da aka sa ranar auren Kulu da wani yaron kirki ɗan Nangere, sai na buɗe baki a tsakar gida na ce ni zan kaɗa mata fiyano ranar kamu, da hannuna, lokacin da za a shigo da ita. (A lokacin abin da na sani game da fiyano shi ne yana da fari da baƙi.) Kulu ta yi tsalle ta ce, "Yaya, da gaske? Wallahi ba wadda aka taɓa yi wa haka a ƙawayena!" Kafin la'asar ta gaya wa duk wanda ke da kunne a unguwarmu, ta kuma ce wa mai kiɗan bikin kada ya kuskura ya sa mata waƙar shigowa, yayanta ne zai yi.

Na garzaya wurin Oga Dauda, mai situdiyon da ke bayan tasha, wanda yake haɗa wa amare waƙoƙi. Ya tsara mini ɗan kiɗa mai sanyi, ya nuna mini yadda yatsu za su bi, ya ba ni aron wani tsohon fiyanonsa. Maɓalli ɗaya ya ɓalle a tsakiyarsa kamar giɓin haƙori, sai ya ce, "Ka ga ma sauƙi ya zo, Malam. Daga gefen giɓin nan za ka fara." Na tambaye shi awa nawa zan riƙa yi a rana. Ya ce ko rabin awa ya isa in dai kullum ne, amma in riƙa leƙowa yana jin abin da nake yi.

Rabin awa! A raina na ce wannan bawan Allah ya raina ni, ko kuma tsoro yake kada in ƙwace masa sana'a. Ina komawa gida na shiga waya, na tarar da wani Bature yana cewa manyan makaɗa awa takwas suke yi. To ni me zai hana? Ga hutun makaranta, ga ɗaki, ga yatsu goma Allah ya ba ni.

Ranar farko aka kawo wuta da ƙarfinta, adaftar da ke ba fiyanon wuta ta yi wani ƙauri ta mutu. Fiyano ya yi shiru. Mai hankali zai koma wurin Oga Dauda ya faɗa masa. Ni kuwa kunya ta hana ni, sannan na lallashi kaina da cewa ai yatsu ne ke koyo, kuma gara ma haka, Baba ba zai ji kiɗa a gidansa ya yi faɗa ba. Haka na zauna ina danna mataccen fiyano tun daga karin kumallo har rana ta yi sanyi, ina rera kiɗan a cikin kaina. Kuma wallahi a cikin kaina daɗinsa ba a magana.

Na daina zuwa majalisa. Wuyan hannuna ya kumbura har sai da na shafa man zafi. In na hau keke-napep yatsuna suna kaɗawa a cinyata, in ana cin tuwo suna kaɗawa a gefen kwano. Inna ta leƙo wata rana ta ce, "Kai, wannan ƙwas-ƙwas ɗin tsintar wake kake yi ko me?" Na ce mata ta jira ranar. Oga Dauda ya tare ni a hanya ya ce bai gan ni ba, na ɗaga kai na ce, "Oga, awa takwas nake yi." Ya dube ni ya ce, "To, madalla," ya wuce. Na ɗauka hassada ce.

Ranar kamu aka kafa rumfa a ƙofar gida bayan la'asar. Mata sun cika maƙil, dangin ango sun zo daga Nangere, Goggo Adama, yayar Baba, ta iso daga Fika ta zauna a gaba da jikokinta. Mai kiɗan biki ya kawo nasa fiyanon, sabo fil, dogo, an jona shi da manyan sifiku da janareta. Na zo cikin shadda mai sitaci ina ɗaga wa mutane hannu. Na zauna. Na duba.

Ba giɓi.

Jama'a, haƙoran nan a jere suke reras, fari da baƙi, daga wannan gefe zuwa wancan. Na bi su da ido na dawo, na sake bi. Gumi ya karyo mini har cikin hula. Mai gabatarwa kuwa sai zuba yake a lasifika: "Ga yayan amarya, gwanin gwanaye, zai shigo da ƙanwarsa da hannunsa!" Aka rangaɗa guɗa. Na hango Kulu a bakin zaure cikin lulluɓi, ƙawaye sun riƙe ta, tana jiran sautin farko ta ɗaga ƙafa.

Na yi bisimilla na ɗora yatsa inda nake zaton giɓin zai kasance.

Abin da ya fito daga sifikun nan ban taɓa jin irinsa ba. Wani tsiwit-tsiwit ne mai tsini, yana hawa inda ya kamata ya sauka. Na san ba daidai ba ne, amma ban san ta ina ake gyarawa ba, don ban taɓa jin kaina ba balle in san kuskure. Yatsun kuwa, da suka sha awa takwas-takwas, suka ƙi tsayawa. Gudu suke yi abinsu, ba gargada, sun kai ƙarshe sun sake dawowa farko.

Can sai Goggo Adama, wadda idonta ya yi rauni amma muryarta tana nan daram, ta miƙe tana tattara jikoki ta ce, "Ku janye yaran nan! Tirela ce ke baya!"

To a Potiskum, garin da kowa ya saba da kukan tirela in tana baya a kasuwar shanu, wa zai riƙe dariya? Rumfa ta kece. Wata mata ta faɗo daga kujera. Mai kiɗan ya miƙa hannu a hankali ya zare waya, na ci gaba da danna maɓallai ba sauti. (Nan ne kawai na ji na dawo gida.)

Ƙawayen amarya ne suka rufa asiri, suka shigo da ita da tafi da waƙar baka. Da ta zo wucewa ta gabana na ga kafaɗunta suna girgiza a ƙarƙashin lulluɓi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ranarta ce guda, kuma ni na roƙi a bar mini ita. Har yau ban san kuka take yi ko dariya ba. Na tambaye ta ya fi a ƙirga, ta ƙi faɗa mini.

Washegari na mayar wa Oga Dauda fiyanonsa da ƙonanniyar adafta, na kwashe komai na gaya masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Malam, da ka zo sau ɗaya tak na ji ka, ai da na nuna maka wurin a kowane fiyano." Yanzu rabin awa nake yi, a situdiyonsa, da sauti, yana gefe yana tsaki. In wani ya tambaye ni awa nawa ya kamata mai koyo ya yi, sai in ce ya fara duba ko abin nasa yana kunne.

Kulu kuwa ta yafe, amma da sharaɗin da ba ta faɗa ba. Duk ranar da na je gidanta a Nangere, ina miƙewa zan yi sallama sai ta ɗauke ɗanta daga bakin ƙofa ta ce, "Matso nan, Kawunka zai yi baya."